Ɓarayin Ƙarfin Manomi

Jama'a, kowane manomi ya san maƙiyan gonarsa. Ya san fari, ya san ƙuduji, ya san gara da ɓera da tsuntsaye. In ya ga ɗayansu a gona, ba ya barci sai ya yi maganinsa. To, akwai waɗansu maƙiya kuma waɗanda ba ruwansu da gero ko dawa. Mai gonar su ke ci. Su ne tsutsotsin da ke zama cikin jikin mutum.

Cikin wannan darasi za mu karanta labarin guda biyar: macijin ciki, da tsutsa mai ƙugiya, da tsutsar tsargiya, da tsila, da kurkunu. Za mu ga inda su ke fitowa, da ƙofar da su ke bi su shiga, da yadda za mu rufe ta.

1. DAGA INA SU KE ZUWA?

Waɗansu su kan ce da tsutsa a ke haihuwar kowa. Waɗansu kuwa su ce shan zaƙi ke kawo ta. Ba haka ba ne. Likitoci suna da wani madubi mai girmama ƙananan abubuwa. Da shi suka bi sawun kowace iri, tun tana ƙwai har ta girma. Ga abin da suka samu. Babu ko ɗaya cikin biyar ɗin nan da ke iya yaɗuwa cikin jikin mutum ita kaɗai. Ta kan yi ƙwai ko 'ya'ya, amma ba sa zama manyan tsutsotsi sai sun fita waje tukuna. Sai sun kwana cikin ƙasa, ko cikin ruwa, ko a jikin wata dabba, sa'an nan su komo.

Watau in yaro yana da tsutsa 20 a cikinsa, to, duk ashirin ɗin daga waje suka shigo, ɗaya bayan ɗaya. Mu riƙe wannan da kyau, gama shi ne kan darasin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙofofinsu kuwa biyu ne: baki, da fatar jiki.

Kada mu ce abin ƙarami ne. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane wajen miliyan 1,500 ke ɗauke da tsutsotsin da a ke ɗauka daga ƙasa. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin kowane huɗu a duniya. Sun fi yawa a ƙasashe masu zafi, inda mutane ke aiki da ƙasa, ba su kuwa da isassun salga da ruwa mai kyau.

2. MACIJIN CIKI

Wannan kowa ya san shi. Kamarsa ɗaya da tana, amma fari ne ko ja-ja. Tsawonsa ya kan kai taƙi guda ko fiye. Wani lokaci ya kan fito tare da kashin yaro, wani lokaci ma ta baki.

Macen tana zaune cikin hanji tana cin abincin da mutum ya ci. Kowace rana ta kan zuba ƙwai kamar 200,000. Ido ba ya ganinsu. Suna fita tare da bayan gida. In an yi bayan gida a fili, sai rana ta busar da shi, kaji su tona, ruwan sama ya wanke. Mu kan ce ya ɓace. Amma ƙwan yana nan cikin ƙasa. Bayan mako 2 ko 3 ya nuna. In wurin da inuwa da laima, yana iya yin shekaru bai mutu ba.

Sai yaro ya zo wasan ƙasa, ya sa hannu a baka. Ko kuwa a ɗebo latas da tumatir da karas daga lambu a ci ba a wanke ba. Ƙwan ya shiga ciki ya ƙyanƙyashe. 'Yar tsutsar ta bi jini ta je hanta, ta wuce huhu, ta hau maƙogwaro. Mutum ya haɗiye ta bai sani ba, ta komo hanji. Cikin wata 2 ko 3 ta girma, ta soma zuba nata ƙwan.

Yaron da ke da su da yawa yana ci, amma ba ya ƙiba. Cikinsa ya kan fito, ƙafafunsa su sirance, girmansa ya yi baya. A aji ma ba ya tsai da hankali. In sun yi yawa ƙwarai su kan dunƙule su toshe hanji. Wannan sai an yi aiki a asibiti, in an yi jinkiri kuwa yana iya kisa.

3. TSUTSA MAI ƘUGIYA

Wannan ƙarama ce, kamar guntun zare. Tsawonta bai wuce faɗin farce ba. Amma ta fi macijin ciki cutar manomi, domin ita jini ta ke sha.

Ita ma ƙwanta tare da bayan gida ya ke fita. Cikin ƙasa mai ɗumi da laima ya kan ƙyanƙyashe bayan kwana 1 ko 2. Bayan kamar mako guda 'ya'yan sun shirya, suna jira a kan ƙasa da jikin ciyawa. Manomi ya zo da damina ba takalmi, ya taka wurin. Su huda fatar ƙafarsa su shige. Abin da zai ji kawai ƙaiƙayi tsakanin yatsu. Su bi jini zuwa huhu, daga nan su gangara hanji, su kafa bakinsu a jikinsa suna tsotso.

Abin da guda ɗaya ke sha kaɗan ne. Amma in sun kai 500, su kan ɓatar da kamar cikin babban cokali na jini kowace rana. Ku lissafa na wata guda, ku lissafa na shekara.

Ga yadda a ke gane wanda jininsa ya ragu. A ja fatar idonsa ta ƙasa a duba. Maimakon ja, sai a ga fari. Tafin hannunsa da harshensa su ma sun koɗe. In ya yi kuyya biyu sai haki, zuciyarsa na bugawa, jiri na ɗibarsa. Wani ƙafafunsa su kumbura. Wani kuwa ya riƙa marmarin cin ƙasa. Sau da yawa a kan ce da irin wannan mutum rago. Alhali ba ragwanci ba ne, jininsa a ke sha.

Mace mai ciki ta fi kowa shiga haɗari. Tana bukatar jinin mutum biyu, ga shi ana rage mata na ɗaya. Sai ta haifi ɗa ƙarami, ko kuwa ta galabaita wajen haihuwa.

4. TSARGIYA

Tsargiya ita ce fitsarin jini. Waɗansu suna tsammani alamar balaga ce ga yaro namiji. Waɗansu su ce zafin rana ne. Duk ba haka ba ne, tsutsa ce. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganinta, a birnin Alƙahira ta Masar, cikin shekarar 1851.

Tsutsar tana zaune cikin jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara. Ƙwanta yana da ɗan tsini. Shi ke huda mafitsara ya fita, shi ya sa a ke ganin jini a ƙarshen fitsari. In mai ciwon ya yi fitsari cikin tafki ko kogi, nan da nan ƙwan ya fashe. Abin da ya fito ba ya iya shiga mutum tukuna. Sai ya nemi wata 'yar katantanwa ta ruwa ya shiga jikinta. Nan ya ke yaɗuwa. Bayan mako 4 zuwa 6 sai dubbai su riƙa fitowa cikin ruwa, sun fi kuwa fitowa da tsakar rana. Duk wanda ya shiga ruwan, su huda fatarsa su shige.

Su wa ke shiga ruwan? Yara masu iyo, da mata masu wanki, da masunta, da masu dashen shinkafa, da masu ban ruwa a noman rani. Katantanwar tana son ruwa mai kwanciya, mai ciyawa. Saboda haka fadama da bakin madatsar ruwa da magudanan noman rani duk gidanta ne. Noman rani arziki ne, amma sai mu san abin da ke cikin ruwan.

Akwai wata irin kuma da ke zama kusa da hanji. Ita tana kawo jini cikin bayan gida, ta ɓata hanta, daga baya ciki ya kumbura da ruwa.

In an bar tsargiya shekaru, ta kan lalata mafitsara da ƙoda, har ta jawo ciwon daji a mafitsara. Mata ma suna kamuwa, ko da ya ke ba su faye faɗi ba. Ta kan sa musu ciwon mara da zubar jini, wani lokaci ta hana haihuwa. Kunya ba ta warkar da ciwo. A je asibiti.

5. TSILA

Tsila doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, gaɓa-gaɓa. Tsawonta ya kan kai kamu 10 ko fiye cikin hanjin mutum ɗaya. Gaɓoɓinta ne ke tsinkewa su fito, farare, suna motsi. Kowace gaɓa cike ta ke da ƙwai.

In mai tsila ya yi bayan gida a makiyaya, sai saniya ta ci ciyawar wurin. Ƙwan ya shiga jikinta, ya zauna cikin tsoka kamar ɗan farin ƙullutu. A yanka saniyar, a yi tsire ko balangu. In naman bai gasu har ciki ba, ƙullutun bai mutu ba. Wanda ya ci, shi ke nan ya ɗauka.

Maganin wannan hanya mai sauƙi ne. Mu dafa nama ya dahu sosai. In gashi ne, mu tsaga mu duba, kada a ga ja a tsakiya. Mahauta kuma su bari malamin dabbobi ya duba nama kafin a kai shi kasuwa.

6. KURKUNU, DA YADDA AKA KORE SHI

Tsofaffinmu sun san kurkunu. Ta ruwan sha ya ke shiga. Cikin ruwan tafki akwai waɗansu ƙananan ƙwari da ke haɗiye 'ya'yansa. Mutum ya sha ruwan tare da su. Bayan kamar shekara guda sai bororo ya fito masa a ƙafa, yana zafi kamar wuta. Ya tsoma ƙafar cikin tafki don ya ji sanyi. Nan take tsutsar ta zuba 'ya'yanta cikin ruwan da gari duka ke sha.

Tsawon kurkunu ya kan kai kamu 2. Sai a riƙa naɗe shi a tsinke kaɗan kaɗan, har makonni. A ƙasashenmu na arewa da damina ya ke fitowa, daidai lokacin noma. Gida guda sai mutum uku ko huɗu su kwanta, ciyawa ta cinye gona.

A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa da shi a Afirka da Asiya. A wannan shekara ce Jimmy Carter, wanda ya taɓa shugabancin Amurka, ya sa ƙungiyarsa cikin yaƙi da shi. Da aka bi Nijeriya ƙauye ƙauye a 1988 da 1989, aka sami mutum fiye da 650,000 masu kurkunu, cikin ƙauyuka kusan 6,000. Babu ƙasar da ta kai ta yawa a lokacin. Daga baya Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin, yana zagaya jihohi yana magana da gwamnoni da sarakuna da talakawa.

Kurkunu ba shi da ƙwayar magani, ba shi da allurar rigakafi. To, da me aka yi yaƙin? Aka raba wa mata ƙyallen tace ruwa. Aka hana mai kurkunu shiga tafki, wani ya ɗebo masa. Aka haƙa rijiyoyi. Aka zuba maganin kashe ƙwarin a tafkuna. A kowane ƙauye kuma aka zaɓi mutum guda, ana ba shi littafi, yana rubuta duk wanda ya kamu, yana kai lissafi kowane wata. Ku lura da wannan, 'yan aji. Rubutu da lissafi irin wanda mu ke koyo yanzu, da su aka yi wannan aiki.

A watan Nuwamba na 2008 aka ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Nijeriya, cikin Jihar Enugu. A Disamba 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Ghana ta sami tata shaidar a 2015. A shekarar 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, yawancinsu a ƙasar Cadi. Cadi kuwa maƙwabciyarmu ce. Saboda haka in mun ga mai irin wannan ciwo, mu sanar da malamin asibiti a ranar.

Kun ga, da aka rufe ƙofa ɗaya tak, cutar da ta daɗe tana kwantar da kakanninmu ta ƙare. Sauran huɗun ma ta ƙofa su ke shiga.

7. MAGANIN ASIBITI

Sauran huɗun suna da magani mai kyau. Na macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya sunansa albendazol, akwai kuma mebendazol. Ƙwaya ce a ke taunawa. A wurare da yawa a kan raba wa 'yan makaranta kyauta, sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Na tsargiya da tsila sunansa firazikwantel. In ana rabon na tsargiya, a kan tsai da yaro jikin sanda a auna tsawonsa, domin a san ƙwaya nawa za a ba shi. A tabbata ya ci abinci tukuna. Wani ya kan ji jiri ko ciwon ciki kaɗan, amma ba ya daɗewa.

In ranar rabo ta zo, mu kai yara duka, har waɗanda ba sa zuwa makaranta, har almajirai. Jaririn da bai kai shekara ba, da mace mai ƙaramin ciki wata 3 na fari, kada a ba su sai da izinin malamin asibiti. Kada kuma mu sayi ƙwayar da ba mu san sunanta ba a hannun masu talla.

Wanda jininsa ya ragu, bayan magani sai a taimake shi da abinci: zogale, da alayyafo, da wake, da hanta, da kifi, da ƙwai.

Amma ga wani abu. Magani yana kashe tsutsar da ke ciki ne kawai. Bai taɓa ƙwan da ke ƙasa ba, bai taɓa katantanwar da ke ruwa ba. In yaro ya sha yau, gobe ya koma wasa inda a ke bayan gida, kafin shekara ta zagayo cikinsa ya sāke cika. Shi ya sa a ke cewa rigakafi ya fi magani.

8. ABIN DA ZA MU YI

Huɗun nan duk daga bayan gida da fitsarin mutum su ke tasowa. In waɗannan suka shiga rami aka rufe, hanya ta yanke.

Na fari, kowane gida ya haƙa salga. Ta yi nisa da rijiya mita 30, watau kamar taku 40 na babban mutum. A yi ta a gangare, ƙasa da rijiyar. Kada ramin ya kai ga ruwa. A yi mata murfi saboda ƙuda. In ta cika a rufe ta da ƙasa a haƙa wata. Kada a kwashe ta a kai gona sai ta shekara 2.

Na biyu, kashin yara ma a zuba shi cikin salga. Mu kan ce na yaro ba ya cuta, alhali sau da yawa shi ya fi ƙwai.

Na uku, in bukata ta kama mu a gona, mu tona rami mai zurfi da fartanya, nesa da ruwa, mu rufe. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin tafki, ko kogi, ko magudana.

Na huɗu, bayan tsarki mu wanke hannu da sabulu. In babu sabulu, toka ma ta yi. Kafin cin abinci kada mu tsoma hannu duka cikin ƙwarya ɗaya. A zuba wa kowa nasa ruwan. A yanke wa yara farce.

Na biyar, mu sa takalmi, manya da yara, musamman da damina. Masu ban ruwa su nemi dogon takalmin roba. Kuɗinsa bai kai asarar kwanciya wata guda ba.

Na shida, mu sha ruwan rijiya mai murfi ko na famfo. In dole sai na tafki, a tace, a tafasa. Ruwan wanka kuwa, in daga tafki aka ɗebo, a ajiye shi kwana 2 cikin randa. 'Ya'yan tsargiya ba sa wuce haka da rai in ba su sami mutum ba.

Wani zai ce, ai ni na haƙa tawa salgar. Madalla. Amma in maƙwabcinka bai haƙa ba, 'ya'yanka da nasa wuri ɗaya su ke wasa, tafki ɗaya su ke shiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai mu kai maganar gaban mai unguwa da dagaci, liman kuma ya faɗa a masallaci. A shekarar 2022 an shaida Jigawa ce jiha ta fari a Nijeriya da ta bar yin bayan gida a fili. Mutanenta manoma ne kamarmu, unguwa unguwa suka bi har aka gama.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.

TAMBAYOYI

1. Faɗi ƙofofi biyu da tsutsa ke bi ta shiga jikin mutum.
2. Wace tsutsa ce ke shiga ta ƙafa? Me ta ke ci?
3. Ina 'ya'yan tsargiya ke yaɗuwa kafin su shiga mutum?
4. Don me shan magani kaɗai bai isa ba?
5. A wace shekara aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya?
6. Macijin ciki guda yana zuba ƙwai 200,000 a rana. Nawa zai zuba cikin kwana 10?

AIKI

Kowa ya ƙirga gidajen unguwarsu. Ya rubuta nawa ke da salga, nawa ba su da ita. Ya auna taku nawa ne tsakanin salgar gidansu da rijiya. A kawo wa malami ranar aji mai zuwa, mu haɗa lissafin, mu rubuta wa dagaci takarda da hannunmu.